Yadda Ake Koya wa Ɗan Kwikwiyo Zaman Keji da Yin Bahaya a Wuri Ɗaya

Na reni 'yan kwikwiyo da dama, yawancinsu don gadin gida, kuma duk wanda ya zo mini da kukan cewa nasa ya ɓata masa tsakar gida da kashi da fitsari, tambaya biyu nake yi masa: yaushe kake ba shi abinci, yaushe kuma kake fitar da shi? Yawanci sai mutum ya yi shiru, domin bai taɓa tsayar da lokaci ba. Kwikwiyo ɗan mako takwas mafitsararsa ƙarama ce ƙwarai, kuma bai san bambancin lungun bayan ɗaki da bakin ƙofar uwargida ba sai an nuna masa. A gidan Musulmi lamarin ya fi nauyi, saboda fitsarin kare da kashinsa najasa ne, ga shi kuwa a tsakar gidan nan ake shimfiɗa tabarmar salla, a nan ake shanya, a nan yara suke rarrafe.

Abin da aikin ya dogara a kai ɗabi'a ce da kare yake da ita tun asali, wato ƙyamar ɓata makwancinsa. Tun suna kimanin mako uku da haihuwa za ka ga 'yan kwikwiyo suna jan ciki su bar inda suke kwance kafin su yi fitsari. Keji yana amfani da wannan ɗabi'a ne: muddin kwikwiyo yana ciki zai yi ƙoƙarin riƙewa, kai kuma aikinka shi ne ka buɗe masa kafin ƙoƙarin ya ƙare, ka kai shi inda kake so ya yi. Duk sauran bayanin da zai biyo baya hanyoyi ne na kiyaye wannan lokaci.

Kayan da za ka tanada

Na farko shi ne kejin kansa, kuma girmansa ya fi komai muhimmanci. Ana so ya ishi kwikwiyon ya miƙe tsaye ba tare da kansa ya taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu, kada ya wuce haka. Idan ya yi faɗi da yawa, kwikwiyon zai mayar da kusurwa ɗaya makwanci, ɗayar kuma wurin bahaya, shi ke nan an rasa amfanin kejin. Tun da yake kwikwiyo yana girma da sauri, dabarar da ta fi sauƙin kuɗi ita ce ka sa mai walda ya yi maka keji daidai girman da karen zai kai idan ya manyanta, sannan kafinta ya yanko maka allon katako da za ka raba cikin da shi, kana matsar da allon baya duk bayan 'yan makonni. Karen gida irin namu keji mai tsawon ƙafa uku, faɗin ƙafa biyu da tsayin ƙafa biyu da 'yan inci yakan ishe shi. Manyan karnuka irin su Alsatian da Rottweiler kuwa sai mai tsawon ƙafa huɗu, faɗin ƙafa biyu da rabi, tsayi kuma ya kusa ƙafa uku. Ka gaya wa mai waldar kada tazarar da ke tsakanin ƙarafan ta wuce faɗin yatsu biyu, domin kwikwiyo yakan cusa kai ya maƙale, kuma ya goge duk wani tsini da walda ta bari. Ƙasan kejin ya zama katako ko farantin roba da ake iya zarewa a wanke, saboda ragar waya tana cin tafin ƙafarsa.

Idan ba ka da halin yin na ƙarfe yanzu, akwatin katako da aka huda wa ramukan shan iska a gefe uku zai yi aiki na wata ɗaya ko biyu. Kwali ba ya kwana biyu, zai cinye shi. Tsohon akurkin kaji kuma ban yarda da shi ba sai an kankare shi an wanke sosai, domin yakan zo da ƙwari.

Bayan keji kana buƙatar abin wuya mara nauyi da igiya mai tsawon kamar mita biyu, da kwano biyu masu nauyi waɗanda ba sa kifewa, ɗaya na ruwa ɗaya na abinci, waɗanda za a ware masa su kaɗai ba tare da sun koma cikin kwanukan gida ba. Shimfiɗa kuwa tsohon buhun algarara ko tsohon tawul ya isa, amma kada ka sa katifar soso, domin zai yayyage ta ya haɗiye. Don tsafta ka nemi ƙaramin shebur, tsintsiyar da ba a sharar ɗaki da ita, bokiti, omo, ruwan khal, da bilic irin Hypo ko Jik. Ka tanadi tocila saboda fitar dare, da abin da zai riƙa tauna, kamar igiya mai kauri da aka ƙuƙƙulla ko abin wasan roba mai tauri.

Sai tukwici, wato ɗan abin daɗin da za ka riƙa ba shi duk lokacin da ya yi daidai. Dafaffiyar hanta ko dafaffen nama da aka yanka ƙanana kamar ƙwayar wake su ne suka fi, busasshen kifi da aka cire wa ƙaya ma yana yi. Kada ka ba shi tsire ko kilishi, saboda yajin da gishirin sun yi masa yawa, kuma albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Ƙashin kaza da aka dafa shi ma haɗari ne, domin yana tsagewa ya soke hanji.

Kafin ka fara komai, ka kai shi wurin likitan dabbobi. Kwikwiyon da tsutsar ciki ta cika shi ba zai iya riƙe kashi ba kome ƙoƙarinka. Ana fara allurar rigakafin cututtuka irin su fabo, mai sa zawon jini, daga mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai kimanin mako 16, ta ciwon haukan kare kuma ana yin ta idan ya cika wata uku. Har sai an kammala waɗannan allurai, wurin bahayarsa ya kasance cikin gida, kada ka kai shi bakin titi inda karnukan unguwa suke yi.

Mataki na 1: Zaɓen wurin keji da wurin bahaya

Ka ajiye kejin a inuwa mai iska, kamar ƙarƙashin rumfa, baranda ko gareji mai taga, inda kwikwiyon zai riƙa jin motsin mutanen gida. Ka duba wurin da safe, ka sake dubawa da azahar da la'asar, domin inuwar hantsi takan zama rana tsaka bayan 'yan sa'o'i. Wannan ba ƙaramin gargaɗi ba ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi a garuruwa irin su Sakkwato, Kano da Maiduguri yakan wuce digiri 40, kare kuwa ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, da haki yake rage zafi, don haka kejin ƙarfe mai rufin kwano da aka bari a rana yana iya kashe kwikwiyo kafin ka dawo daga kasuwa. Da hunturu kuma ka rufe gefe uku da buhu da dare, ka bar gaban a buɗe. Ka ɗora kejin a kan bulo don gudun ruwan damina da tururuwa.

Wurin bahaya ya zama lungu ɗaya tak, nesa da rijiya, madafi, inda ake alwala da inda yara suke wasa, amma kada ya yi nisan da ba za ka iya kai kwikwiyon cikin minti ɗaya ba. Ka zuba yashi a fili kamar mita ɗaya faɗi da tsawo, ka kewaye shi da bulo. Yashin yana da amfani biyu: yana shanye fitsari, kuma tafin ƙafar kwikwiyon zai saba da shi, har ya zama idan bai ji yashi a ƙarƙashinsa ba, ba ya jin daɗin tsugunnawa. Idan gidan duk siminti ne, ko kana zaune a bene, babban faranti ko rabin jarka da aka yanka a kwance aka cika da yashi zai maye gurbi.

Mataki na 2: Sabar da shi da keji

Ranar da ka kawo shi, kafin ya taka ko'ina a gidan, ka sauke shi a kan yashin nan, domin bayan tafiya a mota ko a babur yawanci a matse yake. Daga nan sai ka kai shi gaban keji, ƙofa a buɗe kuma a ɗaure ta don kada ta buga ta firgita shi. Ka jefa ƙwayar nama ɗaya a bakin ƙofa, wata a tsakiya, wata can ciki, ka ja da baya ka ƙyale shi. Kada ka tura shi da hannu. Wani zai shige nan take, wani kuma sai ya yi rabin yini yana leƙe yana ja da baya, duk daidai ne. Idan ka samo wani tsumma da yake kwanciya a kai tare da uwarsa, ka shimfiɗa a ciki, warin zai kwantar masa da hankali.

Daga ranar nan duk abincinsa a cikin keji za a ba shi. Cin farko da na biyu ka bar ƙofa a buɗe. A na uku ka rufe yayin da yake ci, ka buɗe da zarar ya gama. Daga nan kana ƙara minti biyu, minti biyar, minti goma bayan ya gama, kana zaune kusa, sannan ka fara tashi ka ɓace masa na ɗan lokaci ka dawo. Duk shigar da zai yi ka faɗi kalma ɗaya, ni "shiga" nake cewa, kuma ka tabbatar kowa a gidan ita yake faɗa. Lokacin da ya fi sauƙin rufe kwikwiyo shi ne bayan ya yi bahaya, ya yi wasa ya gaji, barci ya fara fizgarsa. A wannan shekarun yana barcin sa'o'i 18 ko fiye a yini, saboda haka damar tana da yawa.

Zai yi kuka, babu makawa, kuma a nan mutane da yawa suke ɓata aikin. Idan ka buɗe masa yana tsakiyar kuka, ka koya masa cewa kuka ne mabuɗin ƙofa. Idan ka san bai daɗe da yin bahaya ba, ka jira ya yi shiru ko da na ɗan numfashi ne, sannan ka buɗe. Amma kukan da ya haɗa da dalalar miyau, cizon ƙarfe da karkarwa, wannan firgita ce, alamar ka yi gaggawa, sai ka koma baya zuwa gajeren lokaci ƙofa a buɗe. Kada ka taɓa jefa shi keji a matsayin horo bayan ya yi laifi, kada kuma ka bar yara su riƙa dukan kejin da sanda ko su tsokane shi yana ciki. Kuma ka riƙa cire masa abin wuya kafin ka rufe, domin yana iya sarƙewa a ƙarfe ya shaƙe shi.

Mataki na 3: Tsayar da lokacin abinci

Wanda ya san lokacin da abinci ya shiga, ya san lokacin da zai fita. Kwikwiyon da bai kai wata uku ba ana ba shi sau huɗu a yini, daga wata uku zuwa shida sau uku, bayan haka sau biyu. Ni na fi jin sauƙin haɗa abin da lokutan salla, tun da ba a manta su: bayan asuba, kafin azahar, bayan la'asar, na ƙarshe kuma da magariba. Ka ajiye kwanon minti 15, abin da ya rage ka ɗauke. Barin abinci a gabansa yini guda yana sa ya riƙa ci kaɗan-kaɗan yana kashi kaɗan-kaɗan, ba za ka taɓa gane lokacinsa ba.

Ka tambayi wanda ka karɓo shi a hannunsa abin da yake ba shi, ka ci gaba da shi na mako ɗaya, sannan idan za ka canza ka riƙa gauraya sabon da tsohon a hankali. Canjin abinci farat ɗaya yana kawo zawo, haka ma madarar shanu ga yawancin 'yan kwikwiyo. Ruwa kuwa ya kasance yana samu duk yini. Za ka iya ɗauke kwanon ruwan kamar sa'a biyu kafin barcin dare, amma ban da lokacin bazara. Gara ka tashi sau uku da dare da ka hana shi ruwa cikin zafi.

Mataki na 4: Fitar da shi a kan kari

Wannan shi ne ainihin aikin. Akwai lokuta huɗu da kusan tabbas ne kwikwiyo zai yi fitsari ko kashi: da zarar ya farka daga barci, cikin minti 5 zuwa 30 bayan ya ci ko ya sha, bayan ya yi wasa da guje-guje, da kuma lokacin da aka buɗe masa keji. Ban da waɗannan, a makonnin farko ka fitar da shi duk bayan sa'a ɗaya idan idonsa biyu. Ƙa'idar da masu kiwon karnuka suke amfani da ita wajen ƙiyasta iyakar riƙonsa ita ce adadin watanninsa a ƙara ɗaya: ɗan wata biyu sa'a uku, ɗan wata uku sa'a huɗu. Wannan iyaka ce ta ƙarshe, kuma ga wanda yake kwance shiru, wanda yake wasa ba ya kai rabin haka.

Ka sa masa igiya, ko ka ɗauke shi idan ka ga ba zai kai ba, ku bi hanya ɗaya kullum zuwa yashin. Da kun isa ka tsaya cik, kada ka yi masa magana ko wasa, ka bar shi ya sansana iya tsawon igiyar. Da ya fara tsugunnawa sai ka faɗi kalmar da ka zaɓa da murya a ƙasa, misali "yi maza". Bayan makonni yana jin kalmar tare da aikin, za ta zama umarni, wanda za ka gode masa ranar da ake ruwan sama ko kake sauri. Da ya gama, nan take, yana kan yashin, ka yaba masa ka ba shi tukwici. Saurin nan yana da muhimmanci. Idan ka bari sai kun dawo bakin keji sannan ka ba shi, a ganinsa ladan dawowa ka biya shi. Haka kuma kada ka yi ihun murna yana tsakiyar yi, zai katse ya ƙarasa a wani wuri.

Idan minti biyar sun wuce bai yi komai ba, ka mayar da shi keji na minti 10 zuwa 15, ka sake gwadawa. Kuskuren da na fi gani shi ne a ce ai ba ya ji, a sake shi a tsakar gida, minti biyu kuma sai ga tafki a bakin madafi. 'Yancin yawo a tsakar gida sai bayan ya yi bahaya, kuma ko a lokacin da ido a kansa. Idan kana aiki ba za ka iya kallonsa ba, ko dai ka ɗaura igiyarsa kusa da kai, ko ya koma keji. Akwai kuma wata dabara da na koya daga wani baƙin kwikwiyo da muke kira Duna: na lura yana jan lokaci a kan yashi, yana sansane-sansane kamar ba ya ji, ashe ya gane cewa da ya gama nake mayar da shi keji. Da na fara ba shi wasan minti goma bayan kowane bahaya, sai ya koma yi cikin ƙiftawar ido.

Ka koyi alamunsa. Sansana ƙasa da sauri, zagaye wuri ɗaya, barin wasa kwatsam, nufar wani lungu, ko ƙaramin kuka a bakin ƙofar keji, duk suna nufin saura daƙiƙu kaɗan. A makon farko yana da kyau ka riƙa rubuta lokacin da ya ci da lokacin da ya yi a takarda, cikin kwana uku ko huɗu za ka ga tsarinsa ya fito fili.

Kashin kuma a kwashe shi kullum, a binne da zurfi ko a zuba a masai. Ƙwan tsutsar cikin kare yana buƙatar makonni biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya iya kama mutum, don haka kwashewar yau da kullum tana kare yaran gida, waɗanda su ne suke wasa da ƙasa suna kai hannu baki. A kwanakin farko kaɗai nake barin ɗan yashin da ya jiƙe da fitsari, don warin ya riƙa kiransa wurin. Yashin gaba ɗaya a sauya shi idan ya fara wari.

Mataki na 5: Dare

Daren farko zuwa na uku su ne masu wuya, domin bai taɓa kwana ba tare da ɗumin 'yan uwansa ba. Ka matso da kejin kusa da tagar ɗakin da kake kwana, yadda za ka ji shi, shi ma ya ji motsinka. Ka fitar da shi na ƙarshe daf da za ka kwanta, misali ƙarfe goma, ka saita ƙararrawar waya zuwa ƙarfe ɗaya ko biyu, sannan fitar asuba kafin ka tafi masallaci. Ɗan mako takwas wani lokaci yana buƙatar fita biyu tsakanin isha da asuba. Ya fi kyau kai ka tashe shi da ya tashe ka da kuka.

Fitar dare ba ta da wasa ko hira. Ka haska tocila, ka duba yashin saboda kunama, musamman da bazara, ka sauke shi, ya yi, ka yaba masa a hankali, ka mayar. Duk bayan dare uku da bai ɓata keji ba, ka ƙara minti 20 ko 30 a kan lokacin ƙararrawar, har fitar tsakar dare ta haɗe da ta asuba. Yawancinsu wajen wata huɗu suna iya kaiwa asuba.

Mataki na 6: Idan ya yi a inda bai kamata ba

Zai yi, ko da ka fi kowa kula. Idan ka kama shi yana cikin yi, ka tafa hannu sau ɗaya ko ka ce "a'a" don ya dakata, ka ɗauke shi zuwa yashi, idan ya ƙarasa a can ka ba shi tukwici. Idan kuwa bayan ya gama ka tarar, ka share kawai. Al'adar nan ta kama wuyansa a dangwara hancinsa a kashin, ko a zabga masa bulala, ba ta koya masa komai game da wuri, domin ba ya iya haɗa dukan yanzu da abin da ya yi minti goma da suka wuce. Abin da yake koya shi ne cewa tsugunnawa a gabanka haɗari ne, sai ya fara ɓuya a bayan tukwane ko ƙarƙashin mota, kuma ko ka kai shi yashi ya ƙi yi muddin kana tsaye. Gyara irin wannan kwikwiyo ya fi fara koyar da sabo wahala.

Wankin wurin yana buƙatar kula, saboda hancin kare yana jin abin da naka ba ya ji, kuma duk inda warin fitsarinsa ya rage zai koma. Ka fara tsane fitsarin da yashi ko toka ka kwashe, ka wanke da omo da ruwa mai yawa, sannan ka zuba ruwan khal da aka gauraya da ruwa rabi da rabi, ka bari ya bushe. Idan zawo ne, bayan wankin omo da ɗauraya ka bi da bilic, ludayi ɗaya a cikin ludayi 30 na ruwa, ka bar shi minti goma, ka ɗauraye. Kada ka zuba bilic kai tsaye a kan fitsari, kada kuma ka haɗa shi da khal, domin duka biyun suna tayar da iska mai cutar da numfashi. Izal da ire-irensa ban cika so a wanke keji da su ba, saboda suna ƙona tafin ƙafa kuma kwikwiyo yana lasa.

Mataki na 7: Ƙara masa 'yanci

Idan ya yi mako biyu babu kuskure, ka buɗe masa wani sashe na gidan, bayan wasu makonni ka ƙara. Ba na cewa kwikwiyo ya koya sai ya yi wata guda cur yana kai kansa yashi, kuma yawanci hakan yana faruwa tsakanin wata huɗu zuwa shida, wasu har su wuce. Idan ya koma ɓarna bayan an ƙara masa fili, ka rage filin ka koma tsarin da ya gabata na mako ɗaya.

Karen gadi daga baya tsarinsa yakan juye, ya yini a keji ko a ɗakinsa, a sake shi da dare. Kada ka fara haka kafin ya wuce wata shida, kuma ko bayan nan a riƙa fitar da shi da rana duk bayan sa'a huɗu ko biyar ya yi bahaya ya miƙe ƙafa. Akwai masu cewa kulle kare yini da kwana ba ya ganin kowa shi ke sa ya yi zafi. Abin da na gani shi ne irin wannan kare yana tashi da tsoro, ba ya bambance ɓarawo da ɗan maigida, kuma yawanci na gida yake fara cizo. Ban da haka akwai haƙƙi, kowa ya san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu.

Inda tsarin yakan cije

Idan kowa a gidan yana fita aiki ko makaranta fiye da sa'o'in da kwikwiyon zai iya riƙewa, kada a rufe shi a keji. A yi masa ɗan shinge da ragar waya a inuwa, a sa kejin a buɗe a gefe ɗaya tare da ruwa, farantin yashi a ɗaya gefen. Koyon zai ɗan yi jinkiri, amma ɗabi'arsa ta tsafta ba za ta lalace ba. Da damina kuma ka kafa ɗan rufi a kan yashin, domin kwikwiyo da yawa ba sa yarda su tsugunna cikin ruwa.

Wanda aka saya a hannun masu sayarwa da suke tara su a keji ɗaya suna kwana cikin kashinsu, ya riga ya rasa ƙyamar nan da muke dogaro da ita. Irin wannan ka cire masa shimfiɗa na ɗan lokaci, tun da tana shanye fitsari ba ya jin damuwa, ka fitar da shi duk bayan rabin sa'a, kuma duk lokacin da ya ɓata jikinsa ka wanke shi ka wanke kejin nan take, har ya sake sanin daɗin kwana a wuri mai tsafta. Yakan ɗauki makonni.

Wani kwikwiyon yana ɗiga fitsari idan ka dawo gida yana murna, ko idan ka sunkuya a kansa ya kwanta ya nuna ciki. Wannan ba ya cikin ikonsa, kuma tsawa tana ƙara shi. Ka riƙa shigowa ba tare da ka kula shi ba sai ya natsu, ka tsugunna gefe maimakon ka tsaya a kansa, yawanci yana bari da girma. Namiji kuma daga wajen wata shida zuwa tara zai fara ɗaga ƙafa yana ɗiga fitsari a bango da tayar mota don shata yankinsa, sai ka koma sa masa ido da igiya kamar farko, ka kafa masa gungumen ice a tsakiyar yashin ya riƙa ɗaga ƙafa a kai.

Amma idan ka ga yana tsugunnawa a kai a kai fitsari kaɗan ne yake fita, ko da jini, ko yana kuka yayin yi, ko yana fitsari cikin barci, ciwo ne, sai likita. Zawo mai jini da ƙarni tare da amai da ƙin cin abinci kuwa alamar fabo ce, wadda take iya kashe kwikwiyo cikin kwana biyu ko uku saboda ƙarewar ruwan jiki. Ka ware shi daga sauran karnuka, ka kai shi asibitin dabbobi a ranar, sannan ka wanke keji da kwanuka da bilic, ka kwashe yashin gaba ɗaya ka zuba sabo.